Wata takwas ina aiki da Wazuh: maganar matakin alat da yadda yake dunƙule su

Tun kwanaki 'yan uwa ke ta tambayata ra'ayina a kan Wazuh, manhajar nan ta sa ido kan tsaron kwamfutoci, yawanci waɗanda suka ji an ce kyauta ne suna son girkawa a ofis ɗinsu, to yau dai na samu sarari bari in faɗi abin da na gani da idona. Wata takwas kenan yana aiki a wajenmu. Ƙaramin kamfani ne a nan Kano, saba biyar gare mu, wato manyan kwamfutocin da sauran ke dogara da su, kwamfutocin ma'aikata talatin da 'yan kai, sai reshe ɗaya a wani gari, kuma daga ni sai wani ƙanena da nake koya wa aiki ne a ɓangaren. Ba duka zan taɓo ba don abin yana da faɗi, waje ɗaya zan tsaya wanda shi ya fi cin min lokaci, kuma a ganina shi yake raba wanda zai ci moriyar manhajar da wanda zai girka ya watsar bayan sati biyu, wato maganar alat, saƙon gargaɗin da yake fitarwa, yadda yake bambance babba da ƙarami da kuma yadda yake tattara masu kama da juna ya dunƙule su.

Ga wanda bai san shi ba, Wazuh daga wata tsohuwar manhajar tsaro mai suna OSSEC ya fito, wadda Daniel Cid ya fara a 2004, a 2015 aka ɓalle aka gina Wazuh a kan wannan tushen, shi ya sa har yau in ka girka za ka ga komai yana zaune a cikin /var/ossec. Kana sa ɗan ƙaramin ejan, wato wata 'yar manhaja mai kai rahoto, a kowace kwamfuta, Windows ce ko Linux ko Mac, ejan ɗin yana kwasar log, wato rubutun da kwamfuta ke ajiyewa na duk abin da ya faru a cikinta, wa ya shiga, wa ya gwada ya kasa, wane fayil aka taɓa, sai ya tura wa babbar sabar Wazuh ta fot, wato ƙofar sadarwa, mai lamba 1514. A can ake ɗora kowane saƙo a kan dokoki, in ya dace da wata doka ya zama alat, a ajiye a ma'ajiyarsu da aka gina kan OpenSearch, kai kuma ka gani a dashbod, wato shafin da ke nuna maka komai a allo. Irin su rawuta da fayawol da ba a iya sa musu ejan, su ta wata hanyar aika log da ake kira syslog suke turowa.

Ranar Alhamis da yamma muka gama girkawa. Juma'a da safe na buɗe dashbod na ga alat dubbai jere, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ƙanen nawa ya leƙo ta kafaɗata ya ce "Yaya, an shigo mana ne?" Na ce ja kujera mu duba. Mun kai wajen awa biyu muna buɗe su ɗaya bayan ɗaya kafin muka gane kusan duk tarin nan abu biyu ne, ma'aikatanmu da suka shiga kwamfutocinsu lafiya lau, da kuma injinan da ke yawo a intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa duk wata ƙofar SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, da suka tarar a buɗe, suna gwada sunaye irin admin da test da oracle. Duk wanda ya taɓa barin fot 22, ƙofar SSH ɗin, a buɗe ga duniya ya san su, ba kai suke nema ba, kowa suke bi. A ranar na gane cewa in ban koyi matakan nan ba to banza na yi aikin.

Kowace doka a Wazuh tana da mataki daga 0 zuwa 15. Mataki na 0 shi ne a gani a share, na 3 abubuwan da suka faru bisa ƙa'ida kamar mutum ya shiga da kalmar sirrinsa daidai, na 5 kuskuren mutum ɗaya kamar ya rubuta kalmar sirri ba daidai ba, na 10 kuskure a kai a kai wanda ya fara kama da hari, daga 12 zuwa sama kuma nan ne maganar ta zama ta tashi tsaye. Dashbod ɗin yanzu yana kasa su gida huɗu a shafin farko, 0 zuwa 6 ƙanana, 7 zuwa 11 matsakaita, 12 zuwa 14 manya, 15 kuma na gaggawa. Kuma yadda ya zo daga akwati, duk abin da bai kai 3 ba ba ya ma rubuta shi a matsayin alat, imel kuma sai abu ya kai 12 yake turawa, shi ma sai in ka kunna da kanka. Gaskiya wannan tsarin ya yi min, yana da sauƙin riƙewa a ka, cikin kwana biyu yaron nan ya haddace shi.

Inda ya burge ni sosai shi ne dunƙulewa. Ɗauki misalin masu ƙwanƙwasar nan. In wani ya gwada shiga ta SSH da sunan da babu shi a kwamfutar, doka mai lamba 5710 ce ke tashi, mataki na 5, ba wani abin tayar da hankali. Amma akwai wata a samanta, 5712, ita ba log take kallo ba, 'yar uwarta take ƙirgawa: in 5710 ta tashi sau 8 cikin sakan 120 daga adireshin IP guda, sai ita ta tashi a mataki na 10 ta ce ga mai gwada makullai nan. In ka buɗe wannan alat ɗin guda ɗaya za ka ga saƙonnin baya da suka haɗu suka tayar da shi a jere a ciki, ba sai ka je nema ba. Sannan bayan ta tashi sai ta yi shiru na sakan 60 don kar ta cika maka fuska. A Windows ma haka suka yi, 60122 ta kuskure ɗaya ce a mataki na 5, 60204 ta masu yawa ce a mataki na 10.

Wadda na fi so duk cikinsu ita ce 40112. Ita tana jiran a yi ta gwadawa ana kasawa sannan daga wannan wajen a dace a shiga, to nan take ba da mataki na 12. Ka ga hikimar, ɓarawon da ke ta taɓa ƙofa bai samu ya buɗe ba mataki na 10 ne, ba zai tashe ka daga barci ba, amma da zarar makulli ya shiga ƙofa ta buɗe, ya tsallaka 12, imel ya fita. Wanda ya tsara wannan ya san aikin, ya taɓa zama a gaban allo da daddare.

To amma bari in ba ku labarin kuskuren da na yi, don na tabbata wani zai iya faɗawa. Ko da 5712 ta dunƙule su, ƙananan nan na 5710 ba sa ɓacewa, suna nan jibge a dashbod kowanne da layinsa. Suka ishe ni. Na shiga local_rules.xml, fayil ɗin da aka ware don dokokinka na kanka, na sake rubuta 5710 na mayar da ita mataki na 0. Dashbod ya yi fes, na ji daɗi har na nuna wa oga. Kwana huɗu ana haka, sai ƙanen nawa ya ce "Yaya, ni fa shirun nan bai kwanta min ba, tun ranar Litinin ban ga ko ɗaya na mataki 10 ba, mutanen nan sun tuba ne?" Na kunna hotsfot ɗin wayata na jona laftof, na yi ta gwada shiga sabarmu da sunan ƙarya, sau goma, sau ashirin, ina kallon dashbod. Tsit. Ashe duk dokar da ke mataki na 0 watsar da ita ake yi nan take, ba a ajiye ta a ƙirga, to ita 5712 me za ta ƙirga? Da hannuna na toshe mata ido. Kuma abin nan a rubuce yake ƙarara a takardun bayaninsu, ni ne ban karanta wajen ba. Maganin shi ne ka bar ta a mataki na 1 ko na 2, ƙasa da 3 ɗin da ake rubutawa, ko ka sa mata no_log, sai ta ci gaba da ƙirguwa a ɓoye ba tare da ta fito maka ba. Tun daga ranar ban ƙara taɓa wata doka ba sai na gwada da wazuh-logtest, abin gwada dokoki da ke zuwa da shi, sannan in kai wa kaina harin gwaji in ga alat ya fito da idona. Don Allah duk wanda zai rage hayaniya ya riƙe wannan, kwana huɗun nan har yanzu in na tuna sai na ji ba daɗi, domin da an shigo a lokacin ban san yaushe zan sani ba.

Shirun sakan 60 ɗin nan ma a yi hattara da shi. Dokar ce gaba ɗayanta take yin shiru. Na ga masu mayar da shi awa guda don su huta, to ka sani cikin awar nan in wani daban ya zo daga wani adireshin, dokar tana barci. Haka kuma ƙirgar 8 cikin sakan 120 mai gaggawa take kamawa. Mai haƙurin da zai gwada sau ɗaya duk minti biyar ba zai taɓa cika ta ba, wanda kuma ya raba gwajinsa a kan adireshi ɗari kowanne sau biyu shi ma ya wuce. Kayan aikin rufe wannan ɓarakar suna nan, kana iya faɗaɗa lokacin, kana iya cewa a ƙirga ta sunan mai asusu ɗaya ko da adireshin ya bambanta, da same_user da different_srcip, amma kai za ka zauna ka rubuta. Lambobi daga 100000 zuwa 120000 aka bar maka don naka dokokin.

Yanzu ga babbar maganar da nake son 'yan uwa su ji. Matakin nan nau'in abin da ya faru yake aunawa, ba darajar inda ya faru ba. Wazuh bai san gidanka ba. An canza fayil a kwamfutar da ke risefshan wadda baƙi ke cike fom a kanta, doka 550 ce mataki na 7. An canza fayil a sabar da ke riƙe da lissafin kuɗin kamfani da albashin mutane, ita ma 550 ce mataki na 7. A idonsa ɗaya suke, a wajena kuwa ɗaya ko gobe na gani ba komai, ɗayar kuma ko ina kan tabarmar cin abinci sai na miƙe. Ba na ganin wannan a matsayin aibu, babu yadda za a yi wanda ya rubuta doka a wata ƙasa ya san wace kwamfuta ce ranka, amma masu tallata shi a bidiyo ba sa faɗa maka cewa rabin aikin yana nan.

Abin da na yi shi ne na ɗauki takarda da biro na shiga ofishin oga. Na ce "Yallaɓai, cikin kwamfutocin nan wacce ce in ta tsaya yau ko aka sace abin da ke cikinta kamfani zai durƙusa?" Ya yi shiru ya ce ba wanda ya taɓa masa wannan tambayar. Muka zauna wajen minti arba'in, ya kira akanta, a ƙarshe uku muka fitar: sabar lissafi, wadda ke riƙe da asusun shigar kowa, da inda muke ajiye bakof, wato kwafin bayananmu na ko-ta-kwana. Na dawo na rubuta ƙananan dokoki a ƙarƙashin na asali, in abu kaza ya faru kuma a ɗaya daga cikin ukun nan ne, a ɗaga shi zuwa 12. Na ƙara da lokaci, don dokokin suna karɓar awa da ranar mako: shiga sabar lissafi da ƙarfe goma na safiyar Talata mataki na 3 ne, shiga iri ɗaya da ƙarfe biyun dare ko ranar Lahadi 12 ne. Wannan zaman na minti arba'in ya fi duk wani saiti da na taɓa yi amfani.

Akwai doka 504, ta ejan ya yanke, mataki na 3 take. A wajenmu wannan daidai ne ga kwamfutocin tebur, don in aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi rabin ofis yankewa yake, in da babba ce da mun haukace. Amma sabobin nan uku suna kan inbata, ba su da dalilin yankewa, kuma mai kutsen da ya san abin da yake yi farkon abin da zai nema shi ne ya rufe bakin mai kai rahoto. Don haka a kansu na ɗaga ta sama sosai.

Reshenmu kuma ya koya min wani abu. Duk ma'aikatan can ta adireshin IP ɗaya suke fitowa. Ranar da wa'adin kalmar sirri ya ƙare aka ce kowa ya canza, washegari da safe mutum shida suna ta rubuta tsohuwa, a idon dokar mutum ɗaya ne ke gwada makullai. Da a ce na kunna toshewar kai tsaye, wadda suke kira firewall-drop, ba tare da na sa adireshin reshen a jerin waɗanda ba a taɓawa ba, da na rufe reshe guda da safiyar aiki. Haka masu shigowa da datar waya, kamfanonin layi suna haɗa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, ka toshe ɓarawo ka haɗa da naka. Ina amfani da toshewar, tana aiki, amma da wa'adi nake sa ta, ta buɗe da kanta bayan ɗan lokaci.

Ga masu haɗa shi da Suricata, wata manhajar tsaro daban mai kallon zirga-zirgar netwok, ga abin lura. Haɗawar ba wuya, Suricata yana rubuta abin da ya gani a fayil ɗin eve.json, ejan yana karantawa. Amma duk alat ɗin Suricata a ƙarƙashin doka ɗaya suke shigowa, 86601, kuma mataki na 3 take. Wato ko Suricata ya ce ga kwamfutarka tana magana da sabar masu kutse, ko ya ce wani ya buɗe manhajar tattaunawa, a dashbod ɗin Wazuh duk 3 ne, suna can ƙasa cikin ƙanana. Sannan ƙirgarsu a juye take, a Suricata 1 shi ne mafi tsanani, a Wazuh kuwa ƙaramar lamba ƙaramin abu ce, yaron nan sai da ya rubuta a takarda ya manna a jikin allo. Dole ka rubuta doka da za ta karanta tsananin da Suricata ya bayar ta ɗaga matakin. Layi biyar ne zuwa shida, ba wani aiki ba ne, amma ina ma a ce haka yake zuwa tun asali. Kuma shawarata a fara rage hayaniyar tun daga Suricata ɗin, yana da nasa threshold.config inda za ka ce wannan alat ɗin kar ya fito fiye da sau ɗaya a minti, ko a yi shiru da shi ga adireshi kaza.

Sai maganar layin jiran saƙonni, wadda ban cika jin ana yi ba alhali tana da muhimmanci. Kowane ejan yana da wani ɗan rumbu da yake tara saƙonni kafin ya tura, yana ɗaukar 5000, kuma ba ya tura fiye da 500 a sakan ɗaya. An yi haka ne don kar kwamfuta ɗaya da ta rikice ta cinye netwok ta danne saba, kuma ga mu da reshenmu ke kan intanet mai tsada da rauni, wannan rahama ce. Amma yi lissafi, in saƙo 1000 ke shigowa a sakan, 500 ke fita, cikin sakan 10 rumbu ya cika, daga nan duk abin da ya zo zubewa yake. Mun gani da idonmu ranar da mai rubuta mana wata manhaja ya manta ya bar ta a yanayin gwaji, tana rubuta kowane motsi a log. Na yaba da yadda Wazuh bai ɓoye ba, 202 ta fito ta ce rumbu ya kai kashi 90, 203 ta biyo ta ce ya cika ana iya rasa saƙonni, 204 ta zo a mataki na 12 ta ce ambaliya ce, da muka kashe abin 205 ta ce an dawo daidai. Ya faɗa maka gaskiya cewa ga lokacin da idonsa bai gani duka ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan layin bai san babba da yaro ba. Matakin nan duk a saba ake bayar da shi, bayan saƙo ya isa. A wajen ejan kuwa kowa bin layi yake, saƙon da zai zama mataki 12 da tarkacen da zai zama 0 duk ɗaya ne, in rumbu ya cika wanda ya zo a lokacin shi ke zubewa ko waye shi. Kamar asibitin da likitan tantance marasa lafiya yake can ciki, mai gadi kuma in ɗaki ya cika rufe ƙofa kawai yake. Kuma mai wayo zai iya tayar da ƙura da gangan ya yi aikinsa a cikinta. Saboda haka ƙara girman rumbu ba shi ne magani na farko ba, magani shi ne kar ka bari tarkace ya shiga layin tun farko. Su kansu sun yi hakan a saitin Windows da ke zuwa da ejan, sun cire wasu lambobin da aka san su da surutu irin 5145 da 5156. Kai ma ka bi duk fayil ɗin da ka ce a karanta ka tambayi kanka ko kana buƙatarsa. A ɓangaren saba ma akwai irin wannan layin, ka riƙa leƙa fayil ɗin wazuh-analysisd.state kana duba ko akwai saƙonnin da aka zubar, ni duk safiyar Litinin nake dubawa, kuma 204 na sa ta cikin masu zuwa wayata kai tsaye.

Imel ɗinsu shi ma yana da nasa dunƙulewar. Guda 12 yake turawa a awa, in suka wuce haka sai ya tara sauran ya haɗa su a imel ɗaya a ƙarshen awar. Don kare akwatinka yana da kyau, amma ka ga in ƙananan da ka buɗe wa hanya suka cinye goma sha biyun nan, babban zai iya zama yana jira. Akwai do_not_delay da do_not_group da za ka sa wa waɗanda ba ka son a jinkirta ko a cakuɗa. Kuma ba ya iya shiga irin Gmail da kalmar sirri da kansa, sai ka girka Postfix, manhajar aika imel, a tsakani. Ni dai daga baya Telegram na koma, don maganar gaskiya a nan ba mai buɗe imel da ƙarfe ɗayan dare, amma waya tana gefen filo. Haɗi da manhajojin sanarwa irin Slack da PagerDuty yana zuwa a shirye, Telegram kuwa sai ka rubuta ɗan skirif ka ajiye a /var/ossec/integrations, sunansa ya fara da custom-, ka ce daga mataki kaza zuwa sama kawai. Sauran na ƙasa ina duba su sau biyu a rana a dunƙule, bayan na iso da safe da kuma bayan la'asar.

Inda nake ganin har yanzu da sauransa shi ne fuskar dashbod ɗin wajen aikin yau da kullum. Na taɓa aiki da Security Onion, wani tsarin sa ido kan tsaro, wanda Doug Burks ya fara a 2008, a can shafin alat yana buɗewa ne a dunƙule, sunan doka ɗaya layi ɗaya da adadin sau nawa ta tashi a gefe, ka duba ka danna cewa ka gani ko ka ɗaga shi zuwa bincike, ya bar gabanka. A Wazuh kana iya tacewa, kana iya gina teburin da zai ƙirga maka ta doka ko ta adireshi, na gina kuma yana min aiki, amma wajen cewa wannan na duba, wannan na miƙa wa wane, wannan an rufe, sai ka jingina da wani abu daban irin TheHive ko Shuffle. Mu biyu ne, don haka wani shit, wato teburin rubutu a kwamfuta, muka buɗe muna rubutawa, yana isar mu. Tawagar mutum goma masu karɓa-karɓa ba zai ishe su ba.

Dalilin da ya sa na dage a kan duk wannan, ku tuna abin da ya samu kamfanin Target na Amurka a 2013, inda aka sace bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40. Suna da na'urar tsaro mai tsada, kuma rahotanni sun nuna ta yi ƙara, alat ya fito, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. Mutum in ya saba ganin ja dubu a rana, ranar da na gaske ya zo da idon jiya zai kalle shi. Na ga alamar hakan a kaina a watan farko, na fara wucewa ta kan mataki na 10 ko buɗewa ba na yi, kuma hakan ya tsorata ni fiye da tarin da na gani ranar Juma'ar farko.

Ta fannin kuɗi, lasisi kyauta ne ba iyakar ejan, amma inji ba kyauta ba ne. Su da kansu sun ce ga ejan 1 zuwa 25 kana buƙatar kwakwalwar sarrafawa 4 da RAM gig 8 da wajen ajiya gig 50 don riƙe alat na kwana 90, in ka doshi ejan 100 kuma wajen ajiyar ya kai gig 200. Ma'ajiyar ce mai cin RAM, kuma kamar kowace ma'ajiyar bayanai ba ta son a riƙa yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu, don haka in ba ka da inbata mai kyau ka fara sayen ta kafin ka girka. Kowane tarkacen da ka hana zama alat ma wajen ajiya ka tsimar wa kanka.

Wa zan ba shawarar ya ɗauka? Wanda yake da mutum ko da ɗaya ne da zai ba shi awa ɗaya zuwa biyu kullum a wata biyun farko, wanda ba ya tsoron buɗe fayil ɗin XML ya karanta doka ya gane me take ƙirgawa. Makarantu, ƙananan asibitoci, kamfanoni irin namu da ba za su iya biyan lasisin dala duk shekara ba, wallahi zai yi muku aiki, ni in aka ce in sake zaɓa shi zan sake ɗauka. Wanda kuma yake son ya girka don in masu binciken ƙa'ida sun zo ya nuna musu allo mai launi, ba wanda zai zauna a kai, gara ya biya wani kamfani ya riƙa duba masa.

Yanzu a wajenmu abin da ke isowa wayata bai fi 'yan ƙalilan a sati ba, kuma kowanne ina buɗewa. Na baya-bayan nan daren Asabar ya zo wajen sha ɗaya da rabi, shiga sabar lissafi a wajen lokacin aiki, mataki na 12 daga dokar da na rubuta bayan zamanmu da oga. Na kira akanta, ya ɗauka ya ce "Malam lafiya? Ni ne, albashi nake ƙarasawa kafin Litinin." Na ce to Alhaji a yi haƙuri da kiran dare, don Allah in za a ƙara a turo min saƙo tukuna. Ya ce in sha Allah. Na buɗe shit ɗinmu na rubuta lokaci da sunan doka da abin da ya ce, sannan na kwanta.